Darbejiya a Gonar Aro

Hajiya Uwani ba ta yarda da kowa ba, kuma ban ga laifinta sosai ba. Tun rasuwar mijinta kamfanoni suke cinye gonakin Challawa ɗaya bayan ɗaya, tata ce kawai ta rage a bakin kwatar da ke kwashe baƙin ruwan majema. Da ƙyar ta ba Labaran aronta, wani mutumin Jigawa da ke aikin fata a kamfani, yana noma idan ya tashi. Sharaɗin shi ne ya zuba taki, ya kula da jingar ƙasar da ta tare kwatar, ya kai mata rabonta da kaka. Abin da ya lalace a hannunsa kuwa, shi zai biya.

Yana cikawa, ita kuma tana ƙara zarginsa. In dawa ta yi yawa ta ce toshiyar baki ce, in ya durƙusa gaisuwa ta ce ladabin kura.

Wanda ya hura wutar shi ne Zakariyya, ɗan ƙanen mijinta, dillalin filaye, mutumin da ko gaisuwa ba ya yi a banza.

"Inna, kun leƙa gonarku kuwa? Baƙonku ya jera darbejiya a kan jinga, har sun fi ni tsawo."

Ko yaro a Challawa ya san mai aron gona ba ya dasa itace. Hatsi ana girbe shi a tafi, amma bishiya zama take yi, wata rana ta zama shaidar mai cewa gonarsa ce.

Ta sa aka kira Labaran. Ya ce, "Hajiya, jingar ce take zaizayewa duk damina. Saiwar ce za ta riƙe ta."

"Saiwar ce za ta riƙe maka gonata dai."

Washegari Labaran yana wurin aiki, Zakariyya ya kawo mata samari da diga. Ba sarewa suka yi ba, tonewa suka yi har saiwa, domin ta ce kada ko ɗaya ta sake tofowa. Suka bar jingar rami-rami. Labaran ya cike abin da ya iya, amma sabuwar ƙasa ba ta da ƙarfi. Ruwan sama na farko mai nauyi ya fasa ta, ruwan majema ya kwanta a gonar har ya tsotse. Dawa ta ƙone a tsaye, ƙasa ta yi fari fat, ga wari.

A zauren mai unguwa Hajiya ta nemi diyya. Mai unguwa ya saurari kowa, sannan ya ce Labaran ya karya al'ada da ya dasa itace bai tambaya ba, don haka zai bar gonar. Ta gyara zama, ranta fari.

Sai mai unguwa ya ƙara da cewa, "Diyya kuwa, Hajiya, wa ya tone jingar?"

Nan maganar diyya ta mutu. Labaran ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Hajiya," ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Na ji tausayinsa ƙwarai, da guminsa na shekaru a ƙasar nan.

Da la'asar ta je ta ga gonarta, wadda yanzu babu mai jayayya da ita a kai. Ta damƙi ƙasa ta shinshina, ta watsar. Sai ta ji takun mutane a bayanta. Zakariyya ne da wani mai farar mota, riƙe da igiyar awo.

"Inna, ƙasar da ba za ta ƙara fitar da hatsi ba ai sai sito. Tun bara Alhaji yake sonta, na ce masa ya ƙara haƙuri."

Ta dube shi, ta dubi ramukan da ke kan jingar. "Tun bara?" ta ce.