Caja Mai Baki Huɗu

Cajar kwamfutar Auta ta tashi ƙonewa, ba ta ƙone ba sai da gwajin ɗaukar aiki ya matso. Wani kamfanin gine-gine ne zai ba ta zanen bene ta haɗa, suna kallonta ta kyamara. Tun da ta gama karatu take yawon neman aiki, wannan ne karon farko da aka ce mata ko sannu.

Kwamfutar kuwa irin mai zuƙar wutar nan ce, cajarta ta asali kamar bulo. Auta ta karaɗe shaguna, kowa ya ce sai an yi oda. Da Mama ta ji, sai ta miƙo mata cajar Yaya.

Yaya shi ne ɗan farin Mama. Ya tafi wata ƙasa neman na kansa, ya aiko da wannan caja mai baki huɗu, daga nan lambarsa ta daina shiga. An yi cigiya har an gaji. Tun daga lokacin Mama ba ta bari wayarta ta mutu, ko wanka za ta shiga sai ta ɗora ta a taga, kuma ba ta yarda da kowace caja sai tasa.

"Ungo ta ɗan'uwanki," in ji Mama. "Wat ɗari biyu ce, da bakinsa ya faɗa min. Ko firji za ta tayar."

Auta ta kai wa mai gyara ya duba. Ya jujjuya ta, ya taɓe baki.

"Ɗari biyun nan ta bakunan huɗu ce a haɗe, 'yar'uwa. Babban bakin rabi yake bayarwa, shi ma in shi kaɗai ke aiki. Kwamfutarki in ta ɗau zafi sai ta riƙa cikasawa da batir, batirin kuma ya kwana biyu. Za ta kai ki, da ƙyar. Amma aka jona ko waya ɗaya ce, wutar ta rabu, kin shiga uku."

Ta dawo da niyyar yi wa Mama bayani, sai ta tarar da ita zaune da hoton Yaya a cinya. Ta ina za ta fara cewa kayansa bai kai yadda ya faɗa ba?

"Mama, gobe don Allah kada a yi min magana," kawai ta ce. "'Yan kamfanin suna jin muryar wani, ko na tashi daga kujera, sun cire ni."

"Ko tari ba zan yi ba," in ji Mama.

Da safe Auta ta zauna a falo. Soket ɗin yana can bakin ƙofa, bayan kwamfutar, cajar a ƙasa, igiyar ta miƙe iya tsawonta. Aiki ya yi ta tafiya. Hawa na farko ya tsaya, na biyu ya tsaya, fankar kwamfutar tana huci, batirin yana sauka a hankali kamar yadda mai gyara ya ce. Har ta fara jin ƙanshin aikin nan.

Sai ƙofa ta buɗe a hankali. Mama ce, ta cire takalmi, tana sanɗa, yatsa a kan leɓe. Ta durƙusa ta jona wayarta a baki na biyu, ta yi wa Auta murmushi, ta fita. Baiwar Allah, ta cika alƙawari, ko numfashinta ba a ji ba.

Auta ta tuna gargaɗin mai gyara. In ta yi magana an cire ta, in ta tashi an cire ta. Ta kalli idon kyamarar, ta kalli wayar Mama can nesa da hannunta. Dabara ɗaya ta rage, ta yi sauri. Ina! Kwamfutar ta fara jan ƙafa, kowane layi sai ta yi tunani kafin ta ja shi. Alamar batir ta koma ja. Saura rufin benen kawai allon ya yi baƙi, ta ga fuskarta a ciki. Dokar kamfanin kuma a fili take: wanda ya katse, ya katse ke nan.

Ta daɗe a zaune, har kwamfutar ta huce a ƙarƙashin hannunta. Baƙin ciki ya cika ta, ga shi babu wanda za ta ɗora wa.

Mama ta leƙo, ta yi raɗa: "Kin gama?"

"Na gama, Mama."

"Madalla. Ai na faɗa miki kayan yayanki ba na wasa ba ne." Ta ɗauki wayar ta duba. "Ba ta ma cika ba. Yau jikina yana ba ni zai kira."

Auta ta tashi, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta zare igiyar kwamfutarta.

"Kawo in mayar miki da ita babban bakin," ta ce. "Ya fi saurin cikawa."