Ranar da Aka Kai Baba Alkasim Gona

"In ba ku ɗauke ni ba, da jan gindi zan tafi," in ji Baba Alkasim.

Mero, maƙwabciyarsa mai kawo masa kunu tun da tsufa ya kwantar da shi, ta ajiye ƙwarya ta kira maza. Mutum huɗu suka ɗauki gadon kara da tsohon a kai, suka ratsa ƙauyen Bande. Mata na leƙowa ta kan darni suna dariya, shi kuwa yana ɗaga musu hannu kamar kwamanda.

Shekara shida Baba Alkasim ya yi yana fesa maganin ciyawa a gonar gwajin gyaɗa ta Nasara, ba wanda ya taɓa cutuwa a hannunsa. Yau Ɗan Azumi, mijin Ɗela 'yar Mero, zai goya famfon feshin karo na farko. Hankalin Mero bai kwanta ba, don ta ga yadda akuyar da ta lashi gwangwanin maganin ta ƙare.

Aka sauke tsohon a gindin tsamiya. Ya kira Ɗan Azumi, ya duba safar hannunsa da ƙyallen hanci, ya sa shi ya tofar da goron da ya ɓoye a kumatu. Ya ce ba ci ba sha sai ya yi wanka da sabulu. Ya aika wa Giɗaɗo makiyayi ya janye shanunsa har kwana bakwai.

Ana tsakar feshi iska ta juya. Tsohon da ake cewa muryarsa ta tafi ya ɗago kai.

"Ba iskar baya, ɗan nan! Kana so ka sha?"

Ɗan Azumi ya juya da sauri har ya kusa faɗuwa, gona ta ɗauki dariya. Da aka gama, aka huda gwangwanin aka binne shi nesa da rijiya. Baba Alkasim ya nemi fura, ya sha ludayi biyar, ya dubi Mero.

"Kwantar da hankalinki, Uwar Ɗela. Surukinki zai tsufa har ya ishe ki."

Kwana biyu bayan nan ya cika da hantsi, yana cikin hira da masu gaishe shi.

Da aka dawo daga maƙabarta, Mero ta leƙa gidan 'yarta. Rigar feshin Ɗan Azumi na kan igiyarta ita kaɗai, nesa da kayan yara, ruwa na ɗiga daga hannunta.