Fitilar Kifayen Maigida

Tun ranar da maigidan ya girke akwatin gilashi mai kifaye a falo, matarsa ta rasa sukuni. Mutumin da ko zazzaɓi take yi ba ya kiranta daga ofis, yanzu kullum da rana sai wayarsa ta shigo.

"Kin kunna musu fitila?"

Da yamma kuma, "Kin kashe? Ciyawar ciki ta roba ce, ba ruwanta da haske. In fitila ta daɗe, gansakuka za ta rufe gilashin."

Ko "ya gida" babu. Ƙwan ɗakin girkinta ya mutu tun watan jiya, da hasken waya take yanka albasa, amma kifi har lokacin barci aka yanka masa!

Sai ta ɗauki mataki. Yana fita da safe ta kunna, ba ta kashewa sai ta ji ƙarar motarsa. In ya kira ta ce, "Tuni na kashe." Ba a jima ba ruwan ya koma kore shar, kifayen ma da ƙyar ake hango su.

Hankalin maigida ya tashi. Ya ɗauki hutu, ya naɗe hannun riga, ya yini yana kankare gilashi, ita kuma tana riƙe da bokitin kifayen. Rabon da ya yini a gida har ta manta.

Can ya matso kusa da ita, ya sassauta murya. Gabanta ya faɗi.

"Sannunku," ya ce, yana leƙa bokitin. "Kun sha wuya."