Ɗakin Malam Almu

Alhaji Sodangi yana da gidan haya a garin Hajj Abdalla, bayan kasuwar hatsi. Masu tsinkar auduga ne suka cika shi, sai ɗakin ƙurya da Malam Almu yake ciki, wani makaho mai tufkar igiya.

Ana gab da Babbar Sallah Alhaji ya sa Mato mai shafe ya bi ɗakunan da farar ƙasa, wadda a can ake ce wa jir. Lokacin Malam Almu ya tafi jinya garin Hasahisa wajen 'yarsa Hadizatu. Jir ya ƙare saura ɗakinsa.

"Alhaji, in ƙaro buhu?" in ji Mato.

Alhaji ya leƙa, ya ga bango baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya ce, "Bar shi. Wa zai gani?"

Da Malam Almu ya dawo, tun daga zaure ya shaƙi ƙamshin jir. Ya tsaya, ya ce, "Har da nawa, Alhaji?"

"Har da naka, Malam."

Maganar ta fita kafin ya yi tunani. Tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe, yana ta sa albarka. Daga ranar ya daina hura gawayi a ciki, wai kada ya ɓata bango. A tsakar gida yake dafa shayinsa, ko ana iska. A masallaci ma ya faɗa wa jama'a irin kirkin mai gidansa, Alhaji yana sahun gaba, kansa a ƙasa. 'Yan haya sun sani, amma ba wanda ya iya gaya wa tsohon.

Alhaji ya kasa jurewa. Ya same shi ya ce, "Malam, ina son a ƙara wa ɗakinka shafe."

"A'a wallahi. Wanga da ka yi ya isa. Ɓarna ba kyau."

Ranar Sallah Hadizatu ta zo da nama. Uban ya sa aka kira Alhaji, ya ce, "Hadizatu, dubi ɗakin tsohonki, ki yi wa Alhaji godiya."

Ta dubi bangon, ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi Alhaji.

"Ya yi kyau, Baba," in ji ta. Ta durƙusa. "Mun gode, Alhaji."



Bayan Sallah Hadizatu ta dawo da amalanken jaki ta kwashe kayan uban, ta ce sanyin nan ya yi masa yawa. Malam Almu ya nemi gafarar Alhaji don barin ɗakin da aka yi wa hidima, ya ba shi igiyar rijiya sabuwa.

Washegari Alhaji ya sayo jir, ya naɗe hannun riga, ya shafe ɗakin da kansa. Matarsa Asabe ta kawo masa ruwa, ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma. A watan nan wani direban lori ya kama ɗakin.