Igiyar Maigidana

Ranar da Mama Obiageli ta kai ƙarata wurin Sarkin Hausawan Anacha, dariya na yi. Wai bangon ɗakina ya karkata kan kicin ɗinta, wai jikokinta a gindinsa suke wasa. Na ce a raina matar nan ta rasa abin yi. Bangon nan maigidana ne ya gina shi da hannunsa tun muna sababbin zuwa daga Kano, kuma duk unguwarmu ta bayan Kasuwar Ochanja ba wanda bai san aikin Imrana Indabawa ba. Ya rasu bai bar mini gona ba, bai bar mini shago ba. Ɗakin nan ne kaɗai nake da shi a duniya.

Sarki ya ce ba zai yanke hukunci da ido ba, a kira magini ya auna. Da na ji Malam Hammadu za a kira, hankalina ya kwanta. Aminin maigidana ne, tare suka hau mota ɗaya suka zo Kudu. Shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari.

Da hantsi ya zo, mutane sun cika lungun kamar ana rabon nama. Ya gaishe ni bai ɗago kai ba. Ya hau tsani, ya sa hannu a aljihu ya ciro igiyar awo mai darma a bakinta. Ina ganinta na gane ta. Ta maigidana ce. Ga ƙullin da ya yi mata a tsakiya lokacin da ɓera ya ci ta. Ni da kaina na ɗauke ta bayan sadakar arba'in na miƙa wa Hammadu, na ce ba wanda ya cancanci riƙe ta sai shi.

Ya dafa igiyar a saman bangon ta ɓangaren Mama Obiageli, ya saki darmar. Ta yi ta lilo. Da ta tsaya, tsakaninta da gindin bangon sai ka zura tafin hannu a kwance.

"Una see am?" in ji Mama Obiageli da Turancin buroka, wai ai mun gani, ba ƙarya ta yi ba. "I no lie."

Na ce, "Malam Hammadu, iska ce. Sake aunawa."

Ya sake, ya matsa gaba ya kuma sakewa. Darmar nan ba ta ji kunyata ba ko sau ɗaya.

Ya sauko, ya ce wa Sarki, "Ranka ya daɗe, ginin ba shi da laifi ranar da aka yi shi. Tushen ne. Imrana ya haƙa shi irin na gida, zurfinsa iya gwiwa. A Kano hakan ya isa. Nan kuwa ruwa ba ya ɗaukewa, ƙasar ta jiƙe ta zauna. Dukkanmu haka muka yi da farko."

Sarki ya tambaya, "Zai kai ƙarshen damina?"

Na zuba wa Hammadu ido. Kalma ɗaya nake nema. So nake ya ce zai kai, in samu in yi dabara. Mutumin da ya ci tuwona shekara da shekaru, wanda maigidana ya koya wa riƙon cokalin gini.

Ya ce, "Ba zai kai ba."

Sarki ya ce a rushe kafin Juma'a. Mutane suka watse suna cewa Allah ya kiyaye, Allah ya rufa asiri. Asirin wa? Ba wanda ya tambaye ni inda zan kai katifata. Mama Obiageli ma har da dafa kafaɗata tana cewa in yi haƙuri, na ture hannunta. Na san gaskiyarta, kuma sanin bai rage mini komai ba.

Hammadu ya tsaya yana naɗe igiyar a yatsunsa, a hankali, yadda mai ita yake yi.

Ya kira sunana ya ce, "Baiwa, da Imrana ne ya auna, abin da zai faɗa ke nan."

Na ce, "Na sani. Ba ni kayana."

Ya miƙo mini. Yanzu ina kwana a barandar wata ƙawata mai sayar da albasa. Igiyar tana rataye a ƙusa saitin kaina. Duk safiya in na buɗe ido ita nake fara gani, a miƙe sambal, ko gezau ba ta yi.