Kifin da Ya Fi Ƙarfin Buhu

Tun da fenti ya yi wuya a Tamale, Seidu ya koyi haɗa kala da ɗan abin da ya samu. A kan buhun fulawa yake zane, bayan matarsa Ashetu ta farke shi ta wanke. Abin da ke ciyar da gidansu a unguwar Aboabo ke nan: hoton talla na gidan bidiyon Kuuku, wani mutumin kudu mai nuna fim da janareta a Changli.

Masu wannan sana'a ba sa kallon fim kafin su zana. A ba ka labarin a taƙaice, kai kuma ka ƙara gishiri. In maciji ɗaya ne, ka ba shi kai uku. Mutane su shiga, su fito suna ƙorafin hoton ya fi fim ɗin, gobe kuma su dawo.

Da Kuuku ya ce sabon kaset na wani kifi ne mai tashi sama, Seidu ya zana shi da haƙoran kada da jajayen idanu.

Washegari da hantsi Kuuku ya aika a kira shi.

"Malam Seidu, jiya mutane ya yi dariya," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Ba fim ya yi wa dariya ba. Buhunka."

"Massa, me ya rage? Haƙori na sa masa har ya yi yawa."

"Zauna ka gani."

Kuuku ya rufe taga da bargo, ya kunna talabijin. Kifin ya ratso tsakanin dogayen gine-gine, kowane ɓawo a jikinsa yana ɗauke da hasken tagogi, inuwarsa na bin titi tana lanƙwasawa a kan motoci. Seidu ya matso har numfashinsa ya taɓa gilashin. Ya nemi zaren da aka rataye kifin da shi, ya nemi sawun buroshi, bai ga ko ɗaya ba.

"Wane ne ya zana?"

"Ba mutum ba. Kwamfuta. Ɗan'uwana a Accra ya ce nan gaba har mutane shi zai yi, ba ka gane na gaske."

"A ba ni kaset ɗin in kalla sosai. Zan sake wani."

Kuuku ya sosa ƙeya. "Ka bar shi, Malam. Yanzu ina juya talabijin ya kalli titi, in nuna kifi kaɗan, in kashe. Jiya ɗaki ya cika har ƙofa."

Seidu ya fito rana ta kashe masa ido. A gida ya tarar da Ashetu tana tankaɗe.

"Me ya ce? Sabon aiki?"

"Ya ce sai ya neme ni."

Ta dube shi, sannan ta tashi ta rage garin da ta auna na tuwon yau, ta mayar cikin kwano.