Filtar Motar Baba

Ban daɗe da dawowa daga karatu ba fitilar mai ta fara kamawa a motar Baba. Ya ce in raka shi garejin Uba a Unguwar Rogo.

Baba dillalin shanu ne. Duk ranar kasuwa yakan fita da safe, ya ce Illela ko Achida, ya dawo bayan la'asar. Abin da gida ya sani ke nan, da mahautan da ke ba shi sautun dabba. Biyu daga cikinsu muka tarar a kan bencin gareji.

Uba abokinsa ne tun ƙuruciya. Ya kwance filtar, ya kifa ta. Baƙin mai ya fito da kauri kamar kwalta.

"Maccido," ya ce wa Baba, "bayan Sallah fa munka sa wagga."

"Jabu ka sa min."

"Jabun gidanku. Motar da ka bin doguwar hanya ba ta haka. Wagga aje ta akai wuri guda, inji kunne na silo, esi na aiki, wuni cur. Ko Illela ta taso ta dawo ƙofar gidanka?"

Mahautan suka yi dariya, sannan ɗaya ya daina, ya zuba wa Baba ido. Baba ya miƙa hannu zai karɓi filtar. Hannun ya wuce ta gefenta, ya kama iska. Ya sake lalubawa.

A nan na gane. Idonsa ne. Ba zai iya hawa babban titi ba, kuma idan waɗannan biyun suka sani, gobe duk mahauta sun sani.

"Ni ne, Baba Uba," na ce. "Idan ya dawo nakan shiga in kunna esi, in zauna ina waya. Zafin garin nan ya fi ƙarfina."

Uba ya dube ni, ya dubi abokinsa.

"To, ga bature. An tura ka karatu, ka dawo ba ka iya rana. Maccido, saya mai firiji shi dinga kwana ciki."

Dariyar ta dawo kaina, na sunkuyar da kai na karɓa. Baba ya koma gefe ya tsaya har aka gama juyen mai.

Da za mu tafi ya tsaya a ƙofar direba, sannan ya miƙo min makulli ya zagaya. Sai da muka kusa Gidan Dare na tambaye shi.

"Ina kake wuni, Baba?"

"Gindin wata darbejiya, hanyar Wamakko. Tun bara ban ganin mota sai ta iso gabana."

"Shanun fa?"

"Jafar, yaron aikina, ka saye, shi turo." Ya juya fuska wajen taga. "Na bari anka yi ma dariya, Jinaidu."

Na ci gaba da tuƙi. Wata biyu muna cin abinci a kwano ɗaya ban lura da komai ba.

"Kada uwarka ta ji," ya ce. "Ran kasuwa ka tashi da wuri, ka kai ni."